Ma'anar "Harshen Tsiraru" da Halin da Larabci ke Ciki a Wajen Ƙasashen Larabawa

Idan masana harshe suka ce "harshen tsiraru", suna nufin harshen da wani rukuni na jama'a ke magana da shi a ƙasar da wani harshe daban ya mamaye makaranta da kotu da ofisoshin gwamnati. Ma'aunin shi ne matsayin harshen a inda ake zaune, komai yawan masu jinsa a duniya. Shi ya sa Larabci, wanda ya shiga jerin harsunan Majalisar Ɗinkin Duniya a 1973, kuma yake harshen hukuma a ƙasashe fiye da 20, yake komawa harshen tsiraru da zarar an shiga Faransa ko Suwidin ko Ostireliya.

Masu Larabcin da ke cikin wannan hali ba tafiyarsu ɗaya ba. Akwai waɗanda suka daɗe a mazauninsu tun kafin a shata iyakokin ƙasashen yau, kamar Larabawan Khuzestan a Iran da na Hatay da Mardin a Turkiyya. A Isra'ila, inda Larabawa suka kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'a, Larabci harshen hukuma ne har zuwa 2018, lokacin da wata doka ta mayar da shi mai "matsayi na musamman". Labarin da ya fi ban tausayi shi ne na Kiristoci Maroniyawa na ƙauyen Kormakitis a tsibirin Cyprus, masu wani tsohon Larabci da ya cakuɗa da Girkanci. Rabewar tsibirin a 1974 ta tarwatsa su, kuma ko da gwamnati ta amince da harshen nasu a hukumance a 2008, akasarin masu jinsa sun riga sun manyanta.

Rukuni na biyu, wato 'yan ci-rani da 'yan gudun hijira da zuriyarsu, shi ne ya fi ɗaukar hankali, domin alƙalumansa na da daɗin ji. Ƙidayar Ostireliya ta 2021 ta nuna Larabci ne na uku cikin harsunan da ake yi a gida, bayan Turanci da Sinancin Mandarin. A birnin Dearborn na jihar Michigan a Amurka, inda masana'antar motocin Ford ta jawo Larabawa tun farkon ƙarni na 20, ana ganin allunan shaguna da rubutun Larabci ko'ina. Sai dai a ganina waɗannan alƙaluma sun fi nuna yawan sababbin zuwa fiye da ƙarfin harshen a bakin yaran da aka haifa a can. Masanin harshe Joshua Fishman ya yi bayanin yadda abin ke tafiya: kakanni da harshensu suke rayuwa, 'ya'ya su tashi da harshe biyu, jikoki kuwa sai 'yan kalmomin gaisuwa. Wanda ke shakka ya dubi Brazil, wadda Labanawa da Siriyawa suka fara kwarara cikinta tun ƙarshen ƙarni na 19. Zuriyarsu ta kai miliyoyi, sunayen kakanninsu na nan, amma da Fotugis suke magana.

Larabci kuma yana ɗauke da wani nauyi nasa na daban, wanda Charles Ferguson ya bayyana a 1959: fusha ce harshen littafi da huɗuba da labarai, ammiyya kuma ita ce harshen tsakar gida, kuma kowace ƙasa da tata. Yaron da ya tashi yana jin Larabcin Maroko a bakin mahaifiyarsa, idan aka kai shi makarantar ƙarshen mako fusha za a koya masa, wadda ba ya jin kowa na hira da ita. Idan ya haɗu da abokinsa ɗan asalin Iraƙi a birnin Paris, Faransanci ne ya fi musu sauƙi. Addini yana raya haruffa da karatun Alƙur'ani, wannan ba ƙaramin gata ba ne, amma iya karatu daban, iya hira daban, kamar yadda miliyoyin Musulmi da ba Larabawa ba suka sani.

Abubuwan da ke tallafa wa harshen sanannu ne: zaman jama'a a unguwa ɗaya, da tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Al Jazeera da aka buɗe a 1996, da wayar salula da ke haɗa jika da kakarsa kullum. Kallon da al'umma ke yi wa harshen ma na da tasiri. A 2018, da ministan ilimin Faransa Jean-Michel Blanquer ya nuna goyon bayan faɗaɗa koyar da Larabci a makarantun gwamnati, sai 'yan siyasa masu ra'ayin riƙau suka yi masa ca. Suwidin kuwa tana bai wa ɗalibi damar darasin harshen uwa a makaranta, amma da yake Larabci ba ya cikin harsuna biyar da ta amince da su a matsayin na tsirarun ƙasa, sharaɗin shi ne yaron ya kasance yana amfani da harshen kullum a gida.