Farfaɗo da Jerin Fina-finan Faɗa: Ɗokin Masoya da Muhawararsu

Farfaɗo da jerin fina-finan faɗa al'ada ce ta masana'antar Holiwud a Amurka, inda kamfani ke dawo da wani shahararren jarumin fim bayan an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, ko dai ta hanyar ɗorawa daga inda labarinsa ya tsaya, ko kuma ta sake gina labarin tun daga tushe da sabon ɗan wasa. Al'adar ta kankama daga wajen shekarar 2006, lokacin da aka shiga dawo da jaruman shekarun 1980 ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan fina-finai sukan haddasa ce-ce-ku-ce tun kafin a haska su, kuma mafi yawan gardamar takan ta'allaƙa ne a kan yawan zubar da jinin da za a nuna da kuma dalilin nuna shi.

Asali

Tsakanin 1982 da 1988 aka fitar da fina-finan da suka zama ginshiƙin wannan fanni: First Blood a 1982, The Terminator a 1984, Predator da RoboCop a 1987, sai Die Hard a 1988. Dukkansu na manya ne, amma kasat ɗin bidiyo da talabijin sun kai su har cikin gidaje, inda yara da matasa masu yawa suka kalle su sau da dama har suka haddace kalamansu. Da waɗannan yaran suka girma suka zama masu sayen tikiti da kuɗinsu, sai kamfanoni suka fahimci cewa sunan da jama'a suka riga suka sani ya fi sabon suna sauƙin tallatawa, kuma haɗarin asara a kansa ya fi ƙanƙanta. Karɓuwar da Rocky Balboa ya samu a ƙarshen 2006, duk da cewa fim ne na dambe, ta nuna cewa 'yan kallo za su iya karɓar jarumin da ya manyanta, kuma Sylvester Stallone, ɗan wasan da ya fito a matsayin Rocky, bai ɓata lokaci ba ya juya ga ɗaya jarumin nasa, wato John Rambo.

Gardamar rukuni

A Amurka, ƙungiyar manyan kamfanonin fim ce ke sanya wa kowane fim rukuni gwargwadon shekarun wanda ya dace ya kalla, tsarin da aka fara a 1968. Rukunin R yana nufin duk wanda bai kai shekara 17 ba sai da rakiyar iyaye ko wani babba, shi kuwa rukunin PG-13, wanda aka ƙirƙiro a 1984, gargaɗi ne kawai ga iyaye, ba ya hana matashi shiga sinima shi kaɗai. Tun da matasa na cikin manyan masu sayen tikiti, kamfani yakan so fim mai tsada ya faɗa rukuni na biyu, hanyar samun haka kuwa ita ce rage jini, da kawar da kyamara daga kan rauni, da share zage-zage.

Fim na huɗu a jerin Die Hard, wanda ya fito a 2007 bayan shekara 12 da fitowar na uku, shi ne misalin da aka fi kafa hujja da shi. Ukun farko duk rukunin R ne, don haka da aka sanar cewa sabon zai fito a PG-13 masoya da yawa suka ɗauki abin a matsayin cin amana. Abin da ya fi ƙona musu rai ƙaramin abu ne a ido: jarumin da Bruce Willis ke fitowa a matsayinsa yana da wata jimla da ya saba furtawa wadda ke ƙarewa da ashar, sai aka sa ƙarar harbin bindiga ta danne ƙarshenta. Duk da wannan ƙorafi fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 380 a duniya, fiye da kowane fim a jerin, daga baya kuma kamfanin ya fitar da faifan da ba a tace ba ya sayar wa masu ƙorafin. The Expendables 3, wani fim ɗin faɗa na Stallone, ya bi wannan hanya a 2014 amma bai ji da daɗi ba, domin kasuwarsa ta faɗi ƙasa da ta na biyu, ga shi an saci kwafinsa an watsa a intanet makonni kafin fitowarsa, kuma Stallone da kansa ya amince daga baya cewa sassauta fim ɗin kuskuren lissafi ne.

Dawowar Rambo a 2008

Babu inda wannan muhawara ta fito fili kamar a dawowar Rambo, shekara 20 bayan fim na uku wanda ya kai jarumin Afganistan don yaƙar sojojin Tarayyar Sobiyet. Stallone ne ya ba da umarnin sabon fim ɗin da kansa, yana da shekara 61 lokacin da aka fitar da shi a watan Janairun 2008. An yi ɗaukar a Tailan, labarin kuma ya shafi zaluncin da sojojin Bama, wato Myanmar, ke yi wa ƙabilar Karen. Wani gajeren bidiyon talla da ya bazu a intanet a 2007 ya isa ya nuna alƙiblar da aka dosa, kuma ɗokin masoya ya ƙaru nan take, domin sun ga alamar cewa wannan karon ba za a rage komai ba.

Haka kuwa aka yi. A faɗan ƙarshe jarumin ya hau bayan wata motar soja ya juya babbar mashinga kan mayaƙan da ke kusa da shi, kyamara kuma ba ta kawar da kai ba: ana ganin gaɓoɓi suna rabuwa da jiki, jini yana fallatsa a kan garkuwar bindigar. Wata ƙidaya da jaridar Los Angeles Times ta buga a lokacin ta ce mutum 236 aka kashe a fim ɗin, alhali a First Blood mutum ɗaya tak ya mutu, ɗan sandan da ya faɗo daga jirgi mai saukar ungulu.

Wannan tazara ita ce zuciyar gardamar, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. First Blood, wanda Ted Kotcheff ya ba da umarni daga littafin David Morrell na 1972, labari ne na tsohon sojan Biyetnam da yaƙi ya taɓa wa hankali, wanda 'yan sandan wani ƙaramin gari suka wulaƙanta, kuma fim ɗin ya ƙare ne da shi yana kuka a gaban tsohon kwamandansa. Mutumin da ke kashe runduna shi kaɗai ya bayyana ne a fim na biyu a 1985. Saboda haka idan masoya suka ce a dawo musu da ainihin Rambo, sau da yawa jarumai biyu daban-daban suke nufi ba tare da sun lura ba, kuma kowane ɓangare yana da fim da zai nuna a matsayin shaida. Magoya bayan fim ɗin 2008 sun ce munin da aka nuna gaskiya ce, domin harsashi haka yake yi wa jikin ɗan Adam, kuma fim ɗin da ke kashe mutane da dama ba tare da ɗigon jini ba shi ne ya fi yaudarar matasa game da yaƙi. Masu suka kuwa sun ce an yi amfani da wahalar mutanen Karen ne a matsayin lasisin nishaɗi, an fara nuna kisan ƙauyawa domin ɗan kallo ya samu damar yin tafi idan aka zo ramuwa. Hujjojin biyu duk suna da nauyi, kuma abin da ya ƙara dagula hukunci shi ne gwamnatin sojan Bama ta haramta fim ɗin a ƙasarta, alamar cewa saƙonsa ya taɓa waɗanda aka yi shi a kansu. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 113.

Fim na biyar, Rambo: Last Blood na 2019, ya kai labarin Meziko, aka soke shi a kan yadda ya siffanta mutanen ƙasar, Morrell kuma ya fito fili ya nesanta kansa daga gare shi.

Jinin kwamfuta da sabbin fuskoki

Akwai kuma gardama a kan sana'ar kanta. A da, ana ɗaura wa ɗan wasa ƙaramar jakar jinin bogi tare da ɗan abin fashewa a ƙarƙashin riga, idan aka tayar da shi rigar ta yage, jinin ya fantsama, ɗan wasan kuma ya girgiza da gaske. Yanzu galibi da kwamfuta ake zana jinin bayan an gama ɗauka, abin da ke rage ɓata lokaci wajen canza tufafi, yake kuma ba kamfani damar ƙarawa ko ragewa gwargwadon rukunin da yake nema. Masoyan tsofaffin fina-finai suna ƙorafin cewa irin wannan jini ba shi da nauyi kuma ba ya ɓata tufafi yadda ya kamata, ƙorafin da ke da tushe a fina-finai da yawa.

Sauya ɗan wasa ma yakan ta da ƙura. Mad Max: Fury Road ya fito a 2015, shekara 30 bayan na uku, George Miller ya sake ba da umarni amma Tom Hardy ya maye gurbin Mel Gibson, kuma wasu sun yi gunagunin cewa Furiosa, matar da Charlize Theron ta fito a matsayinta, ta ƙwace labarin daga hannun mai sunan. An ɗauki yawancinsa a hamadar Namibiya da motoci na gaske, ya kuma lashe kyautar Oscar shida, abin da ya sa ake yawan ambatonsa a matsayin farfaɗowar da ta fi kowacce nasara a idon masu sharhi.

Ɗoki da kasuwa

Hayaniyar masoya a intanet ba ta cika zama ma'aunin abin da zai faru a wurin sayar da tikiti ba, domin masu zafin muhawara tsiraru ne idan aka kwatanta da jama'ar da fim mai tsada ke buƙata kafin ya mayar da kuɗinsa. Bayan fina-finan Terminator biyu da suka fito a PG-13 a 2009 da 2015, an biya wa masoya kusan dukkan buƙatunsu a Terminator: Dark Fate na 2019: aka koma rukunin R, Linda Hamilton ta dawo tare da Arnold Schwarzenegger, James Cameron kuma, wanda ya ba da umarnin Terminator na farko, ya shiga cikin masu shiryawa. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 260 ne kawai, aka lasafta shi cikin manyan asarorin shekarar. Furiosa, wanda Miller ya fitar a 2024 a matsayin share fagen Fury Road, ya samu yabon masu sharhi amma kuɗin da ya tara a duniya bai kai dala miliyan 200 ba.