Baƙin tsuntsaye a Cape May a ƙarshen kaka

Cape May ƙaramin birni ne a bakin Tekun Atilantika, a can ƙarshen kudancin jihar New Jersey ta Amurka. Mazaunansa na dindindin ba su kai 3,000 ba, amma sunansa ya yi nisa a wajen masu kallon tsuntsaye, domin an ga tsuntsaye iri sama da 400 a yankinsa. Babban ƙaurar tsuntsaye yana wucewa ta nan a Satumba da Oktoba. Idan Nuwamba ta kama, cincirindon yakan ragu, sai kuma a shiga lokacin baƙi, wato tsuntsayen da asalin hanyarsu ba ta nan take ba, suka ɓace ko iska ta koro su.

Yanayin wurin

Ƙasar Cape May ziri ce da ta kutsa cikin ruwa, teku a gabas, mashigin ruwan Delaware a yamma. Tana tsukewa yayin da ake yin kudu, kamar mazurari. Ƙananan tsuntsaye da shahuna ba sa son ƙetare ruwa mai faɗi, don haka sukan bi gaɓa har ƙasa ta ƙare musu. Daga nan zuwa garin Lewes da ke ɗaya ƙetaren, jirgin fito yana cin kimanin kilomita 27. Tsuntsun da ya iso a gajiye yakan sauka ya nemi abinci kafin ya yi ƙarfin hali, wani ma ya juya arewa ya zagaye mashigin. Wannan tsayawar ce take ba mutane damar ganinsa.

Yadda iska take kawo su

Masu kallon tsuntsaye a can sun fi kallon taswirar hasashen yanayi fiye da kalanda. Abin da suke jira shi ne kwana biyu ko uku na iska mai ɗumi da ƙarfi daga kudu maso yamma, wadda takan kwaso tsuntsaye daga wajen Texas da arewacin Meziko ta yi arewa maso gabas da su. Sai sanyi ya biyo baya, iska ta juya ta fara kaɗawa daga arewa maso yamma, ta tura su bakin teku. Daga nan sai su gangara kudu su faɗa mazurarin.

Iska ba ita kaɗai ba ce. Mafi yawan baƙin 'yan shekarar farko ne da ba su taɓa yin tafiyar ba, kuma masana na ganin wasunsu tun farko alƙiblarsu ce ta kauce, suka nufi arewa maimakon kudu. Har yanzu ana muhawara kan wanne dalili ya fi ƙarfi, kuma da alama amsar ta danganta da irin tsuntsun.

Fitattun baƙi

Babu wanda ya kai tsattsewar kogo, Petrochelidon fulva, suna a wannan fanni. Tana sheƙa a cikin kogon dutse a Texas da Meziko, daga baya ta koyi yin gida a ƙarƙashin gadoji da kwalbatoci, yawanta ya ƙaru. A farkon shekarun 1990 ganin ɗaya a Cape May babban labari ne. Kafin a jima ta zama baƙuwar kusan kowace Nuwamba, wani lokaci har da garke. Bambanta ta da 'yar uwarta mai sheƙa a jikin duwatsu yana buƙatar ido: tsattsewar kogo maƙogwaronta ruwan ƙasa ne mai haske, goshinta ja mai duhu, ita kuwa ɗayar akasin haka, maƙogwaro mai duhu da farin goshi. Wannan duka sai an kama shi cikin ƙiftawar ido, tsuntsuwa tana shawagi. Ƙarshen labarinsu ba mai daɗi ba ne koyaushe. Idan sanyi ya tsananta ƙwari suka ɓace, akan same su sun takure da juna a lungunan gine-ginen bakin teku, wasu ba sa kai safe.

Akwai kuma masu cafke ƙwari na yammacin Amurka, irin su Myiarchus cinerascens mai maƙogwaro ruwan toka da Tyrannus verticalis mai rawayan ciki, waɗanda akan tarar a shingayen gonaki da gefen daji. Haka nan ɗan mitsitsin tsuntsu mai shan ruwan fure, Selasphorus rufus, yakan ɓullo, shi ya sa wasu magidanta ba sa sauke kwalaben ruwan sukarin da suka rataya a lambu sai sanyi ya yi nisa.

Daga arewa ma ana samu. A ƙarshen Nuwamban 2009 wani tsuntsun teku na yankin ƙanƙara, Pagophila eburnea, ya sauka a tashar jiragen ruwan garin. Babbansu fari ne fat, amma wannan ɗan shekarar farko ne, da ɗige-ɗigen baƙi a fukafukai da dauɗa-dauɗa a fuska. A gida irinsa yana bin ragowar naman da farin beyar ya bari a kan ƙanƙara. A Cape May sai ya koma cin ragowar kifin da masunta suka fede, ya yi kwanaki a wurin, mutane suna ta tuƙo mota daga jihohi masu nisa don su gan shi. A Nuwamban 2015 kuma wata guguwa ta karkato da wasu tsuntsayen ruwa, Leucophaeus pipixcan, daga hanyarsu ta tsakiyar Amurka zuwa gaɓar Peru da Chile, aka ƙirga ɗaruruwa a Cape May cikin yini guda.

Ɗaya daga cikin baƙin kaka yana da alaƙa da ƙasashenmu, ko da yake shi ya fi zuwa da wuri, a Satumba ko Oktoba. Shi ne Oenanthe oenanthe, ɗan tsuntsu mai farin gindi. Waɗanda ke ƙyanƙyasa a Girinlan da gabashin Kanada sukan ƙetare Atilantika su yi hunturu a yankin Sahel, inda ake ganin irinsu a fako da gonakin da aka girbe a Nijar da arewacin Najeriya. Jefi-jefi wani yakan kauce ya bi gaɓar Amurka.

Masu ƙirga da masu tantancewa

Wani ɓangare na sunan Cape May na idanu ne. Tun 1976 ake ƙirga shahuna kowace kaka daga wani dandamali kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1859, kuma wani ƙwararren mai kallon tsuntsaye, Pete Dunne, shi ya fara wannan aikin. Ana ci gaba da ƙirgar har ƙarshen Nuwamba. A Avalon, arewa kaɗan da garin, tun 1993 ake ƙirga tsuntsayen teku, ita kuma wannan tana kaiwa Disamba. Wurin da ƙwararru ke tsaye daga asuba zuwa yamma, da wuya baƙo ya wuce ba a gan shi ba. Ƙila wasu gaɓoɓin ma suna samun baƙi kamar haka, babu dai mai gani.

Cewa "na gani" ba ya isa. Kwamitin tantance bayanan tsuntsaye na New Jersey yana duba hoto, ko sautin kukan da aka naɗa, ko cikakken bayanin kamanni, kafin ya amince da rahoton tsuntsu mai wuyar gani. Tun da aka buɗe eBird, shafin intanet na shigar da rahoton tsuntsayen da aka gani, a 2002, kuma wayar hannu ta yaɗu, labarin baƙo yakan kai ga jama'a tsuntsun yana kan reshe bai tashi ba.