Awon sankara: yaya za a gane ko da mutum aka yanke shawara?

Me ake nufi da yanke shawara tare?

Likita ya san cuta. Mai zuwa asibiti kuma shi ya san gidansa, da aljihunsa, da abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Yanke shawara tare shi ne a haɗa sanin nan biyu: likita ya faɗi hanyoyin da ke akwai, har da ta dakatawa, ya faɗi amfani da illar kowace, ya nemi ra'ayin mutum, sannan su tsaya a kan magana ɗaya.

Awo ai alheri ne, me ya kawo shawara a ciki?

Wanda ake yi wa awon sankara da ƙafarsa ya zo, babu inda ke masa ciwo. Awo kuwa yakan nuna alamar cuta alhali babu ita, a kwana da fargaba, a kashe kuɗi. Gwajin jini na PSA, wanda ake yi wa maza don sankarar furostet (wata ƙwaya da ke ƙasan mafitsarar namiji), yakan tono ƙarin da ba zai taɓa cutar da mai shi ba, amma tiyatarsa ta iya barin mutum da yoyon fitsari ko raunin mazakuta. Shi ya sa a 2018 kwamitin rigakafi na Amurka ya ce maza ƴan shekara 55 zuwa 69 kowa ya yanke wa kansa bayan ya tattauna da likita.

Sankarar bakin mahaifa daban take, don amfanin awonta a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga shekara 30, mai ƙwayar HIV kuma daga 25. Duk da haka haƙƙin mace ne ta san abin da za a yi mata da abin da zai biyo baya.

To da me ake auna hira?

Hanya ta farko, a tambayi mutum bayan ya fito. Akwai takardar SDM-Q-9 mai tambayoyi 9 da aka fitar a Jamus a 2010, akwai kuma CollaboRATE ta 2013 mai tambayoyi 3 kacal: wane ƙoƙari aka yi don ka fahimci matsalarka, don a saurari abin da ya fi damunka, don a sa shi cikin matakin da za a ɗauka? A CollaboRATE ana ba kowace tambaya maki daga 0 zuwa 9. Ana kuma iya tambayar likitan.

Amma wadda na fi yarda da ita ita ce OPTION, ta Glyn Elwyn da abokan aikinsa, tun 2003. Da izinin likita da majinyaci ake naɗar hirar, wani na gefe ya saurara ya ba da maki a kan abubuwa 12. Da aka tattara binciken da aka yi da ita daga ƙasashe dabam-dabam, inda ba a yi wani shiri na gyara hirar ba, matsakaicin makin bai wuce 23 cikin 100 ba. Majinyata kuwa, idan su aka tambaya, maki mai yawa suka saba bayarwa.

Waɗannan takardu za su yi aiki a Damagaram?

Nan ne damuwata take. Mu mutane ne masu kunya da ganin girman likita. Baiwar Allah daga Garin Malam ko wani ƙauyen Mirriya za ta zauna gaban ungozoma, a yi mata bayani rabi Hausa rabi Faransanci, ta ce "to, duk yadda kuka gani". Idan ta fito, ma'aikacin wurin ya tare ta ya ce "Hajiya, an saurare ki?", me za ta ce in ba "ƙwarai kuwa" ba? Takarda ta samu maki 9, ita kuwa ta koma gida ba ta san me aka duba ba. "To" ɗinmu sau da yawa ladabi ne.

Don haka mai tambaya ya zama ba ma'aikacin asibitin ba, ya yi ta da baki, cikin Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, nesa da ƙofar likita. Maimakon "kin gane?", ya ce "Hajiya, in maƙwabciyarki ta tambaye ki me aka yi miki yau, me za ki gaya mata?" Amsar nan ba ta ɓoye komai.

Sannan takardun nan, mutum biyu suka sani, likita da majinyaci. A nan kuwa akwai maigida da zai ba da izini da kuɗin mota, akwai uwar miji. Dole ma'auni ya tambaya: an ba ta damar shawara da wanda take so? Kuma ra'ayinta ne ya fito, ko na wanda ya rako ta?

Mai zuwa awo, me zai tambaya?

Ya ce: likita, in na yi, me zan samu, in na bari, me zai faru? In an ga wani abu, a nan babban asibitin Damagaram za a ƙarasa, ko sai Yamai? Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi, don na'urar gashin sankara tana cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Gara iyali su ji wannan tun kafin a hau gadon awo, su san wa zai raka, da wa za a bar wa yara.