Eriyar doguwar waya

Eriyar doguwar waya waya ce ta jan ƙarfe da ake miƙawa a wajen ɗaki domin akwatin rediyo ya kamo tashoshin AM na nesa, musamman a matsakaicin zango. A Afirka da Turai wannan zango ya kama daga kilohaz 531 zuwa 1602, da tazarar kilohaz 9 tsakanin tasha da tasha.

Tarihi

Ranar 12 ga Disamba 1901, Guglielmo Marconi, ɗan Italiya mai ƙirƙirar na'urorin rediyo, ya ce ya ji siginar harafin S a St. John's ta Newfoundland (a Kanada ta yau), wadda aka aiko daga Poldhu a Ingila. Eriyarsa waya ce mai kimanin mita 150 da ya sa iska ta ɗaga sama. Wasu masana suna shakkar abin da ya ji.

Ci gaban da ya fi tasiri ya zo ta hannun Harold Beverage, injiniya Ba'amurke, wajejen 1920. Ya gano cewa ba dole ba ne a kai waya can sama: idan aka shimfiɗa ta kusa da ƙasa, aka tsawaita ta sosai, aka kuma haɗa ƙarshenta na nesa da ƙasa ta cikin resista (ɗan abin da ke rage gudun lantarki), takan fi jin tashar da ta fuskanta, ta rage hayaniyar sauran ɓangarori. Wadda aka kafa a Riverhead ta jihar New York ta kai kusan kilomita 14. A Disamba 1921 Paul Godley ya kafa irinta a Ardrossan ta Scotland, ya kamo siginar masu aika saƙo ta rediyo don sha'awa daga Amurka. Har yau ana kiranta da sunan Beverage. Ta fi aiki a kan busasshiyar ƙasa, irin ta Sahel.

Daga shekarun 1950 aka fara sa ƙaramar eriya, ɗan sandan ferrite (wani haɗi mai maganaɗisu), a cikin akwatin, jama'a suka bar wayar waje.

Dalilin amfaninta

Tsawon igiyar siginar tasha mai kilohaz 1000 mita 300 ne, don haka ɗan sandan cikin akwati kaɗan yake tsinta. Da rana wani ɓangare na sararin samaniya yana shanye siginar. Da dare sai ya janye, siginar ta daki sama ta dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa bayan magariba ake jin tashoshin ƙetare, kuma masu dogayen eriya a Turai sun sha kamo Rediyon Najeriya Kaduna a kan kilohaz 594.

Haɗawa

Waya mai mita 20 zuwa 30 ta isa ga gida. Ana ɗaure ta tsakanin bishiya da sanda, a sa guntun roba a kowane gefe don kada ta taɓa abin da aka ɗaure ta. Idan akwatin ba shi da mazaunin eriya, sai a naɗa wayar sau biyar ko shida a jikinsa, a kai ƙarshen ga ƙarfen da aka kafa a ƙasa mai laima. A lokacin rani ana zuba wa gindin ƙarfen ruwa. Caja, inbata da wasu ƙwayayen LED suna jawo ƙugi, kuma nisanta wayar daga gare su ya fi ƙara mata tsawo amfani. Idan tasha mai ƙarfi ta kusa ta danne sauran, a rage naɗin.

Haɗari

Ba a ratsa ta sama ko ƙarƙashin wayar lantarki, kuma da zarar hadari ya taso ana cire ta daga akwatin saboda aradu.