Tiyatar rataye fatar ido: tambayoyi da amsoshi

Wa ake yi wa wannan aiki?

Wanda fatar idonsa ta sama ta sauko ta rufe tsakiyar baƙin ido, tsokar da ke ɗaga ta kuma ta gaza. Likita kan danne gira da yatsa, ya ce a dubi ƙasa, sannan sama, ya auna tafiyar fatar. Lafiyayyiya kan kai milimita 15. Idan ba ta wuce 4 ba, gajarta tsokar ba zai wadatar ba, sai ratayewa. Galibi yara ne da aka haifa da matsalar.

Yaya ake yin sa?

Ƙarfin tsokar goshi ake arowa. A wata hanya da aka saba bi, ana yin ƙananan tsaga biyu a saman gashin ido, biyu a saman gira, ɗaya a goshi. A zura zare ta ƙarƙashin fata ya bi su duka, a ja har fatar ta tsaya inda ake so, a ƙulle, a binne ƙullin a goshi. Daga ranar, da gira mutum zai riƙa buɗe ido. Yara sai an sa su barci.

Wane irin zare?

Akwai farin tantani mai ƙwari da ake yankowa daga gefen cinyar mutum. Ya fi daɗewa, jiki ba ya ƙin sa, amma sai yaro ya kai kamar shekara 3 zuwa 4 kafin cinyar ta ba da tsawon da ake bukata. Silikon kuwa, wani zaren roba ne, yana miƙewa, ana iya sassauta shi ko cire shi, shi ya sa ya fi dacewa da jarirai da masu bushewar ido.

Me ke iya ɓaci?

Babban abin kula shi ne ido ya ƙi rufuwa sosai a barci, ya bushe, har ya yi gyambo, musamman in an ja zaren da yawa. Don haka man ido da dare da ɗigo da rana ba abin wasa ba ne. Ƙulli na iya kwancewa, ko zare ya yanka nama, fatar ta sake saukowa. Zaren roba kan tada ƙurji a goshi wani lokaci. In ido ɗaya aka yi, bambanci zai fito idan an dubi ƙasa.

A jira yaro ya girma?

In fatar ta tare gani, a'a. Ƙwaƙwalwa kan yi watsi da idon da ba ya aiki, ganinsa ya raunana. Ko bayan tiyata, wani sai ya sa tabarau ko a riƙa rufe masa lafiyayyen idon na wasu sa'o'i.