Sirrin masu ɗauke da cutar HIV da kare lafiyar jama'a a Sakkwato

Sirrin mai ɗauke da HIV, ƙwayar cutar da ke karya garkuwar jiki har ta kai ga ƙanjamau, haƙƙi ne da doka da ɗa'ar aikin asibiti suka ba duk wanda aka gwada jininsa: ba a faɗa wa kowa sakamakon sai da yardarsa. Haƙƙin yana da iyaka, domin cutar tana wucewa ta hanyar saduwa, ta jini, da kuma daga uwa zuwa jariri. Inda ya kamata a sa iyakar shi ne abin da likitoci da malamai da masana shari'a suka daɗe suna tattaunawa. A Sakkwato maganar ta fi tasowa a wurin awon ciki, da gwajin kafin aure, da gidan mai mata fiye da ɗaya.

Tarihi

An fara bayyana ciwon a Amurka a 1981, masu bincike a Faransa kuma suka gano ƙwayar cutar a 1983. A Najeriya galibi ana cewa an samu masu ita na farko a 1985, aka sanar a 1986. A wancan lokaci babu maganin da ke riƙe rai, saboda haka wanda aka gwada aka same shi da ita ba abin da yake samu sai mummunan labari da gudun mutane. Wasu ƙasashe sun zaɓi tsanani. Kuba ta killace masu cutar a gidajen jinya na musamman daga 1986 har zuwa wajejen 1994, Amurka kuma ta hana baƙi masu ɗauke da ita shiga ƙasar daga 1987 har zuwa 2010.

Najeriya ba ta killace kowa ba. Daga 1991 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta riƙa auna yawan cutar da jinin mata masu zuwa awon ciki a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, bayan an cire sunayensu daga kwalaben. Da wannan dabara hukuma take sanin inda cutar ta dosa ba tare da ta san ko wace ce ke ɗauke da ita ba. Ƙididdigar ta nuna kashi 1.8 cikin 100 a 1991, ta haura zuwa 5.8 a 2001, sannan ta fara sauka.

A cikin asibitoci da wuraren aiki kuwa tonon asiri ya yi yawa a shekarun nan. Shari'ar da aka fi ambata ita ce ta wata ma'aikaciyar jinya a Legas, wadda asibitin da take yi wa aiki ya gwada jininta a 1995 tana da juna biyu, ba da saninta ba, sannan ya sallame ta. Da ta kai ƙara, a 2001 kotu ta hana ta shiga zauren shari'a don tsoron kada ta shafa wa mutane. Sai a 2012 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke cewa gwajin da korar duk sun saɓa wa doka, ta ba ta diyyar naira miliyan 7. Shekara 17 ke nan tsakanin zaluncin da hukuncin.

Masu ɗauke da cutar sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, NEPWHAN, a 1998. Gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin yaƙi da cutar a 2000, wanda ya zama hukumar NACA a 2007. Rabon maganin rage kaifin cutar ya fara a 2002, aka mai da shi kyauta a asibitocin gwamnati a 2006. A Sakkwato hukumar SOSACAT ce ke kula da aikin a matakin jiha, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na jiha kuma suna cikin wuraren karɓar magani.

Babban binciken gida-gida na 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a Maris 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 a ƙasar, wato mutum wajen miliyan 1.9 idan aka haɗa kowa. Arewa maso Yamma tana da 0.6, Sakkwato kuma wajen 0.4. Ƙarancin nan abin godiya ne, amma yana da nasa nauyin: inda masu cutar suke 'yan kaɗan, wanda asirinsa ya tonu ba ya da jama'ar da zai ɓuya a cikinta.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa. Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi da doka saboda tsaron jama'a ko lafiyarsu ko kare haƙƙin wasu. Duk muhawarar tana tsakanin waɗannan sassa biyu.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce bayanin rashin lafiyar mutum da jinyarsa sirri ne. Ana iya fitar da shi idan mai shi ya yarda a rubuce, ko kotu ta ba da umarni, ko wata doka ta buƙata, ko kuma idan ɓoyewar za ta zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. Dokar hana wariya ga masu HIV, wadda ke ɗauke da shekarar 2014 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu, ta haramta bayyana sakamakon mutum ba da izininsa ba, ta kuma hana a gindaya gwaji a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki ko shiga makaranta. Duk da haka ta ba miji ko mata damar sanin halin abokin zama idan yana ganin yana cikin haɗarin kamuwa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Masana sun saɓa kan iyakar aikin dokar hana wariyar a jihar da majalisarta ba ta yi irinta ba.

Mahangar fiƙihu

Sakkwato gari ne na malamai, kuma tun wajejen 2000 kotunan shari'ar Musulunci suke hukunci har a kan laifuka, don haka abin da malami ya faɗa a wannan batu yakan fi takardar doka isa kunnen mutane. Asali a Musulunci shi ne rufin asiri. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigin mutane da yi da su a bayan ido. Hadisi ingantacce ya ce wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira. Akwai kuma batun ƙazafi. Mutane da yawa, da sun ji wance tana da cutar, sai su ɗauka ta aikata alfasha, alhali tana iya samunta daga mijinta na sunna, ko daga ƙarin jini, ko tun daga haihuwa. Wanda ya fito fili ya jefe ta da zina ba da shaidu huɗu ba, aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke masa bulala 80.

A ɗaya ɓangaren akwai ƙa'idar da aka ciro daga hadisi, cewa babu cuta babu cutarwa. Mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a nan, ta daɗe da sanin zaɓin raba aure saboda aibin da aka ɓoye. Risala ta Ibnu Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukan Sakkwato, ta lissafa hauka da kuturta da albaras da ciwon al'aura. Malaman zamani da dama sun yi ƙiyasin HIV a kan waɗannan, suka ce ɓoye ta ga wanda za a aura ha'inci ne.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, ta duba lamarin sau biyu. A zamanta na Brunei a 1993 ta ce sirrin majinyaci amana ne a hannun likita, ba a bayyana shi sai inda cutarwar ɓoyewa ta fi ta bayyanawa, kuma wajibi ne wanda ya kamu cikin ma'aurata ya sanar da abokin zamansa. A zaman Abu Dabi na 1995 ta ce killace mai cutar ba wajibi ba ne, tunda ba a ɗaukarta ta zama tare ko cin abinci a kwano ɗaya ko cizon sauro. Ta haramta yaɗa ta da gangan, ta ba mace damar neman rabuwa da miji mai cutar, ta kuma bar wa uwa mai cutar haƙƙin renon ɗanta. Abin lura a nan shi ne nauyin sanarwar yana kan mai cutar, kuma wanda za a sanar shi ne wanda haɗarin ya shafa kai tsaye. Dangi da maƙwabta da mai unguwa ba sa cikin wannan lissafi.

Aure da zaman gida

Gwaji kafin aure ya zama ruwan dare a garuruwan Arewa, kuma waliyyai da limamai da dama sukan nemi takardar asibiti kafin a shafa fatiha. Kano ta mai da shi doka a 2024. Amfaninsa a fili yake. Matsalar tana wurin wanda takardar ke shiga hannunsa: idan kawu ko aminin ango ne ya karɓo ta, ko aka fasa aure ana gobe ɗauri, gari ya riga ya gane dalili ko ba wanda ya buɗe baki. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suka fi son a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a kuma ba masu neman auren su biyu sakamakon a ɗaki ɗaya da mai ba da shawara. Gwaji ɗaya ma bai wadatar ba, domin gwajin gaggawa yana iya kasa ganin cutar har kusan wata 3 bayan kamuwa. A Bauchi hukumar yaƙi da cutar ta jihar ta taɓa haɗa aure tsakanin masu ɗauke da cutar da suka amince.

Wuri mafi wuya shi ne gidan da ake da kishiyoyi. Mace ce yawanci ake fara ganowa, saboda ita ke zuwa awo. Idan ta faɗa wa maigida, tana tsoron a ce ita ta kawo, a sake ta, ko da shi ne tushen abin. Idan ta yi shiru, abokiyar zamanta da jaririn da za a haifa a ɗayan ɗakin suna cikin haɗari ba su sani ba. Ba tare da magani ba, kashi 15 zuwa 45 cikin 100 na jariran uwaye masu cutar suna kamuwa, da magani kuwa adadin yana sauka ƙasa da 5. Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma irin wannan shiru yana iya cin ran wanda bai ji ba bai gani ba.

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan HIV da haƙƙin ɗan Adam, da aka tsara a 1996, sun ba likita damar sanar da abokin zama bisa sharuɗɗa: an yi wa mai cutar nasiha bai canza ba, ya ƙi faɗa da bakinsa, haɗarin na gaske ne, an kuma gaya masa tun da wuri cewa za a sanar. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ƙarfafa sanarwa da taimakon ma'aikaci, bisa yardar mai cutar. A aikace sau da yawa ana gayyato maigida ne a gwada su tare, kamar ba a san komai ba, don kada laifi ya faɗa kan mutum ɗaya.

Tasirin magani

Binciken da aka fitar a 2011 ya nuna fara shan magani da wuri yana rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100, binciken da suka biyo baya kuma suka tabbatar cewa wanda ƙwayar ta kwanta a jininsa har gwaji ba ya ganinta ba ya shafa wa abokin kwanciya. Wannan ya sauya lissafin gaba ɗaya. Abin da ya fi kare jama'a yanzu shi ne mutum ya zo gwaji, ya dinga karɓar maganinsa a kan kari, kuma ba zai zo ba idan yana tsoron a gan shi a layi ko ma'aikaci ya kai labarinsa unguwa. Tsoron nan ne yake sa wasu tsallake asibitin garinsu su tafi mai nisa, ranar da kuɗin mota ya gagara kuma magani ya yanke.

Jini da kayan aiki

Nan ba a buƙatar sanin sirrin kowa. Ƙa'ida ce a gwada duk jinin da za a ƙara wa majinyaci, ana kuma son wanzami da mai yankan farce su sa sabuwar reza ko su tsabtace aska ga kowane mutum. Ma'aikacin da allura ta soka yana fara maganin kariya cikin awa 72, ya sha na kwana 28.

Hukunta mai yaɗawa

Dokar Jihar Legas ta 2007 ta tanadi hukunci ga wanda ya harbi wani da cutar da gangan. Masu goyon bayan irin wannan doka suna ganin adalci ne ga wanda aka cuta. Hukumar UNAIDS, mai yaƙi da ƙanjamau a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙungiyoyin masu cutar suna ganin a taƙaita hukunci ga wanda aka tabbatar ya yi niyya kuma ya yaɗa, domin faɗaɗa shi yana korar mutane daga gwaji, kuma tabbatar da wanda ya shafa wa wani a gaban alƙali abu ne mai wuya.