Yaushe ya kamata dattijo ya haƙura da tuƙin mota mai gida a ciki?

Wace irin mota ce ma tukuna?

Mota ce da aka yi mata gado da kicin da banɗaki har da firij a ciki, a Amurka RV suke ce mata. Da yawa daga cikin masu ita ’yan fansho ne, mutum ya gama aikinsa ya tattara kuɗin sallama ya saya, da hunturu ya kama a Kanada ko arewacin Amurka sai su gangara Florida ko Arizona shi da matarsa su yi watanni can. Manyan cikinsu tsawonsu kan kai ƙafa 45, kusan doguwar bas ɗin nan mai zuwa Legas kenan, kuma abin da ke tayar min da hankali shi ne a yawancin jihohin Amurka in dai nauyin motar bai wuce fam 26,000 ba, wato wajen tan 12, lasin ɗin ƙaramar mota ya ishe ka. Mutumin da duk rayuwarsa ƙaramar mota yake ja sai ga shi yana da shekara 70 a kan sitiyarin wannan ƙatuwa.

Akwai shekarar da doka ta ce shikenan a sauka?

A Ingila lasin yana ƙarewa ne da mutum ya cika 70, daga nan sai sabuntawa duk bayan shekara 3, kuma izinin tuƙa mota mai nauyin tan 3.5 zuwa 7.5 yana faɗuwa sai in likita ya duba shi ya cike takarda, to manyan motocin nan da yawa a wannan ajin suke. A Japan wanda ya kai 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarsa kafin a sabunta masa, daga 2022 kuma in yana da wasu laifukan hanya sai ya sake jarrabawar tuƙi. Kaga duk cikinsu babu wanda ya ce shekara kaza a ƙwace makulli, gwaji suke yi, kuma ni ma nan na tsaya, don akwai mai 80 da garau yake akwai mai 65 da bai kamata ya fito titi ba.

To me ake dubawa?

Ido ne farko. Yanar ido tana sa fitilar motar da ke tahowa ta watse ta cika masa fuska da dare ya rasa ina titi yake, hawan jinin ido kuwa shi ya fi mugunta don gefe-gefen gani yake ci a hankali ba zafi ba komai, dattijo zai rantse maka yana gani tangaran kuma gaskiya ya faɗa, gabansa yake gani, mai keken da ke gefensa ne bai san da shi ba. Ƙa'idar Ingila mai sauƙi ce, ka karanta lambar mota daga nisan mita 20, wannan ko a ƙofar gida za a iya gwadawa, amma na gefen ido sai an je asibiti.

Sai wuya da ƙafa. Motar nan ba a ganin bayanta sai ta madubi ko kyamara, wanda wuyansa ya sandare ko gwiwa ke masa ciwo wajen ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki yana cikin matsala, mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, jinkirin daƙiƙa guda ma ba wasa ba ne, balle ita da nauyinta ba ta tsayawa nan take. Ga magunguna kuma, na barci da wasu na mura suna kawo gyangyaɗi, mai ciwon suga sukarinsa na iya faɗuwa yana tsakiyar hanya.

Mu da muke gida ta yaya za mu gane?

Ku zagaya motar ku duba jikinta. Sabon kurji a kusurwar baya, madubin gefe da aka ɗaure da salatif, gefen taya duk ya goge da hawa dakalin titi, in ka tambaya ya ce ai wani ne ya goge shi a wurin fakin, sau ɗaya ka yarda, in ya zama kullum akwai magana. Sai ku lura da matarsa, in ta fara danna ƙafa a ƙasa kamar ita ke da birkin ko ita ke ce masa tsaya tsaya ga jar danja, to ta riga kowa sani. Mafi girma ita ce ya ɓata a hanyar da ya saba bi shekara da shekaru, ko ya taka totur a maimakon birki, wannan kam babu jira, a ranar za a tsaya sai likita ya gan shi.

Dole ne a daina gaba ɗaya lokaci guda?

A'a, in ba irin waɗancan biyun ba ne. Ya fara barin tuƙin dare da na ruwan sama, ya rage nisan da yake yi a rana, ya koma ƙaramar irinta, ko a kai masa ita inda zai yi hutun a ajiye shi kuma ya biyo jirgi. Yanar ido ma ai aiki ake yi gani ya dawo.

Ta yaya za a faɗa masa bai ji an raina shi ba?

Nan ne abin ya shafe mu sosai, don ko ba mu da irin motar muna da iyaye direbobin tirela da bas da suka kai 70 suna kan hanya, wasu ma da ita ake cefane. Kar a yi maganar gaban yara ko surukai, kuma kar a ɓoye makulli, cin fuska ne. Ka same shi shi kaɗai ka ce “Baba, don Allah ina so in raka ku a duba idon nan, hankalina ba ya kwanciya in kuna hanya da dare.” In ka san ba zai ji daga bakinka ba ka bi ta amininsa ko yayansa, likita kuma ya faɗi sakamakon da bakinsa. Sannan kafin ka buɗe baki ka tanadi wanda zai riƙa kai shi masallacin Juma'a da gaisuwar ’yan uwa da ɗaurin aure, in motar ce abincinsa ku zauna ku ’ya’yan ku yanke abin da kowa zai riƙa bayarwa duk wata, in ba haka ba wallahi sati biyu ba za a yi ba zai koma kan sitiyari.